Kwana Arba'in da Bakwai na Malam Sabitu Mai Tafireta

Malam Sabitu mai tafireta taubashina ne. Mahaifiyarsa ƙanwar babana ce, saboda haka tun muna yara nake ce masa bawana, shi kuma ya ce da ni Ibram sarkin surutu. Ban taɓa musawa ba. Ni bandar kifi nake saye a bakin ruwa in ɗaure a kwali in tura kudu, kuma wannan ba sana'ar marar baki ba ce. Shi kuwa sai ku yini tare bai yi magana goma ba, ƙarar tafireta kawai za ka riƙa ji.

Kakanninmu daga Haɗeja suka zo Nguru zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa da fata. Sabitu ya gama firamare, ya koyi bugun tafireta, ya kafa tebur a gindin darbejiya a ƙofar kotu. Da aka ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991 sai kasuwarsa ta buɗe. Wannan yana son takardar shekarun haihuwa, wancan ta shaidar asali, wani kuma canjin suna. Tun daga Jajimaji mutane ke zuwa, su zauna a benci suna jiran layi. Ba ya goge kuskure, sai dai ya zare takardar ya sake sabuwa. Kuma yana da faɗa a kan abu guda. Duk wanda ya zo da suna biyu, ɗaya a takardar makaranta ɗaya a ta aiki, sai ya sha wa'azi kafin a buga masa. Cewa yake hukuma ba ta san laƙabi ba, mutum ya riƙe suna ɗaya a takarda har ya mutu.

Yana da 'ya'ya bakwai, amma wadda labarin nan ya shafa ita ce ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, Hauwa'u, ake kiranta Maijidda. Abu biyu ke nan suka haɗu masa, kunyar 'yar fari da nauyin sunan uwa. Tun daga ranar suna bai taɓa furta sunan nan ba. In mai irin sunan ta zo teburinsa sai ya ce, to, mai sunan tsohuwa ce, ya buga ba tare da ya furta ba. Ita Maijiddar ma bai cika faɗa ba, sai dai ya ce yarinyar nan ta Gashuwa, domin tun da aka yaye ta yayarsa Asibi ta ɗauke ta zuwa can. Asibi ta sa ta a makaranta, ita ta aurar da ita. In ta zo Nguru ta durƙusa ta gaishe shi, amsawa yake yana kallon wani wuri. Ni dai na san yana sonta fiye da sauran, don duk ranar da na dawo daga Gashuwa sai ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi farashin barkono, ya tambayi hanya, kafin ya ce ko kowa lafiya a gidan Asibi.

Wajen shekarar 2002 wani ya buɗe shagon kwamfuta tsallaken titi, ya ajiye janareto a bakin ƙofa. Cikin shekara biyu bencin Sabitu ya koma wurin hutun masu jiran mota. Takardar da yake kwashe rabin awa yana bugawa, can minti biyar ne, sunan mutum kawai ake canjawa. Na zaci zai tsani na'urar nan. Ina! Tsallakawa yake ya tsaya a bayan mai shagon, hannu a baya, yana kallo. Wata rana ya ce mini, duk teburin da ke da tafireta a ƙasar nan, daga nan har Legas, sai kwamfuta ta hau shi. Na ce to Allah ya ba ka haƙuri, ai kai aka fara saukewa.

Sai shekarun hannun jari suka zo. Wanda bai ga 2006 da 2007 ba ba zai yarda ba. Malaman makaranta, 'yan tireda, har masu sayar da itace, kowa da fom a aljihu. Bankuna suna kafa tebur a bakin ƙofa suna kiran mutane. Sabitu ya ce shi ba zai sa sisinsa a banki ba saboda kuɗin ruwa, na kamfanin giya kuwa ko a yi maganarsa. Nan ne Aondona ya shigo. Aondona mutumin Binuwai ne, akanta a ƙaramar hukuma, ya yi shekaru a Nguru Sabitu na buga masa takardu kafin a mayar da shi Gashuwa. Kullum da jarida a hammata, ya ja layi da jan biro a shafin farashi. Shi ya gaya wa Sabitu akwai kamfanonin da ba ruwansu da bashi ko giya, kuma biyu a ciki suna sayar da hannun jari a lokacin. Ɗaya yana haɗa kwamfuta a Legas. Ɗayan yana kafa dogayen ƙarafan nan na sabis, kamfanonin waya suna biyansa haya.

A rumfata suka yi musun, ranar wata kasuwa da Aondona ya leƙo Nguru, ina auna kifi ina jin su. Aondona ya ce shi na ƙarafan sabis zai saya. Hujjarsa ita ce kwamfuta sau ɗaya mutum yake saye ya yi shekara biyar da ita, waya kuwa kullum sai an sa kati, kuma duk kiran da aka yi sai ya bi ta kan ƙarfen nan. Ya ce haɗa kwamfuta ba wani sirri ba ne, kayan cikin daga waje ake kawo su, kowa ya samu sukudireba zai ɗaura, ga 'yan gwanjo suna shigo da tsofaffi daga Turai a rabin kuɗi. Ya ce abin da farashinsa ke sauka kowace shekara, mai yin sa ba ya barci.

Sabitu ya bari har ya gama, sannan ya ce shi bai san haya a sararin sama ba. Kwamfuta ya gan ta, ya taɓa ta, ya ɗaga ta ya ji nauyinta, kuma a gabansa ta kwashe masa abinci. Abin da ya iya tayar da shi daga gindin darbejiya bayan shekara ashirin, ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce a lissafa makarantu nawa ne a Yobe kaɗai, da ofisoshi, da kotuna. Ni na ce duk ku biyun ba ku da aikin yi, ku kawo kuɗin in saya muku kifi, aƙalla in kasuwa ta ƙi sai a yi miya.

Bai saurare ni ba, da ma yaushe ya taɓa? Ya sayar da gonar fadamar da ya gada da bijimai biyu, ya haɗa naira dubu ɗari da hamsin. A naira biyu ake sayar da kowane hannun jari, ya samu dubu saba'in da biyar ke nan. Sai a mota, a hanyarmu ta zuwa bankin Gashuwa, ya gaya mini ba don kansa zai saya ba. Ya ce sauran yara sun ci tuwon gidansa, sun sa rigar da ya ɗinka musu, yarinyar nan kuwa ko fensir bai taɓa saya mata da hannunsa ba. Yana so ta samu abu guda da za ta ce daga wurinsa ya fito.

A bankin ba a ba shi fom ya cika da hannu ba. Wata ma'aikaciya ce a gaban kwamfuta, tana tambaya tana shigarwa, mutane cike a bayanmu. Ta ce sunan wa za a sa. Ya ce Maijidda Sabitu. Ta buga, ta fitar da takarda, ya sa hannu a madadinta. Ina tsaye a wurin, kuma wallahi ban kawo komai a raina ba, don ni ma da sunan nake kiranta. Amma shi fa? Mutumin da ya shekara ashirin yana yi wa jama'a faɗa a kan suna biyu! Da biro aka miƙa masa na tabbata da ya daure ya rubuta na gaskiyar. Furtawa a gaban mutane ne ya gagare shi.

Satifiket ya iso ta gidan waya bayan wata biyar, ya sa shi a leda ya ajiye a ƙasan akwati. Farashi kuwa ya yi ta hawa. Naira uku, huɗu, har ya haura shida. Na Aondona ma yana hawa, amma a hankali. Sabitu bai yi masa gori ba, sai dai in sun haɗu ya tambaye shi, cikin ladabi, ya hayar sararin sama. Ni kaina a lokacin na fara tunanin ko bawan nawa ya fi ni wayo.

Maijidda a lokacin mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Shekara tara tana aiki a wani kemis daura da babban asibitin Gashuwa, na wata mata Nkechinyere da kowa ke kira Maman Tochi. Ita ke buɗewa, ita ke rufewa, ta san kowane kwali da inda yake, matan ƙauye in sun zo ita suke nema. A watan ɗaya na 2008 Maman Tochi ta ce za su koma gida ita da maigidanta a ƙarshen watan huɗu, za ta sayar da shagon da kayansa naira dubu ɗari huɗu, kuma ta fi so Maijidda ta saya. Masu so suna da yawa, don wuri irin wannan a bakin asibiti ba a samunsa sau biyu. Maijidda ba ta da ko dubu arba'in. Asibi ta aiko wa Sabitu da labari, ba don tana zaton yana da shi ba, don dai ya sani.

Ranar ya ciro ledar. Ya ba ni ya ce in kai wa yarinyar nan, in ce mata nata ne. Na ce kai ba ka da ƙafa ne? Ya yi kamar bai ji ba. Da na kai, Aondona ya buga lissafi ya ce abin ya haura dubu ɗari huɗu da hamsin. Maijidda ta riƙe takardar tana juyawa, ta tambaye ni sau uku ko da gaske Baba na Nguru ne ya saya, kuma da sunanta. Ta yi kuka sosai a bayan kantar shagon, Maman Tochi na bubbuga mata baya.

Aondona ya aika da satifiket ɗin wurin dillalinsa a Kano, tare da hoton katin shaidarta. Tsakiyar watan biyu aka dawo da shi. Ofishin da ke riƙe da sunayen masu hannun jari a Legas ya ce takarda ta ce Maijidda, kati ya ce Hauwa'u, sa hannun ma ba nata ba ne. Sai wanda ya sa hannu ya kawo takardar rantsuwa daga kotu, cewa shi ne mahaifinta, kuma sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Aondona ya ce abu mai sauƙi, aikin yini guda, daga nan Legas za su ɗauki kamar mako shida. Lokaci yana nan, har da saura.

Irin takardar nan Sabitu ya buga ta fi dubu. Matsalar ita ce magatakardar kotun Nguru na lokacin ba ya buga hatimi sai mai rantsuwa ya tsaya ya karanta abin da ke cikin takardar da bakinsa, a gaban kowa. Sabitu da kansa ya yabi wannan tsari lokacin da mutumin ya zo. Yanzu ga shi ya faɗo kansa.

Kai, na ga dabara a wajen mutumin nan! Da farko ya ce ni in je in rantse, aka ce ba ni na sa hannu ba. Ya ce Asibi ta je, aka ce haka nan. Ya ce a yi wa yarinyar sabon kati da sunan Maijidda, aka kwashe mako biyu ana bin wannan kafin a gane ba zai yiwu ba. Ya ce zai je kotun wani gari inda ba a san shi ba, ranar tafiya ya ce ƙafarsa na ciwo. Ya buga takardar, ya ce akwai kuskure, ya yayyaga. Aondona ya yi ta kira a waya yana cewa kasuwa ta fara sanyi, shi ma zai sayar da nasa. Na je har gida na zazzage masa. Na ce Gwaggo da ta haife ka ta shekara goma sha biyu a kabari, da za ta tashi ita za ta fara kwaɗa maka mari. Na ce kunyar da za ta hana marayu uku abinci ba kunya ba ce, taurin kai ne. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya ji, gobe in sha Allahu. Goben nan sai da ta kai kwana arba'in da bakwai.

Maijidda ba ta taɓa aiko masa da ko kalma ɗaya ta gaggawa ba. Abin da ya tashe shi a ƙarshe, Asibi ce ta hau mota ta zo, ta zauna a zaurensa ta ce ba za ta ci ba ba za ta sha ba sai ta ga hatimi.

Muka tafi kotu mu huɗu, ni da shi da Asibi da Maijidda da aka kira daga Gashuwa. Ya tsaya da takardar da ya buga da hannunsa, ba kuskure ko ɗaya. Ya karanta sunansa da unguwarsa lafiya lau. Da ya zo wurin sunanta sai murya ta shige. Magatakarda ya ce bai ji ba, a maimaita. Sabitu ya share gumi da hularsa ya ce, "Hauwa'u Sabitu 'yata ce ta cikina. Ita ce ta fari."

Maijidda na zaune a benci kanta a ƙasa. Na ji ta ce "Na'am" a hankali, kamar ba ta san ta faɗa ba. Aka buga hatimi, muka fito, ba wanda ya kalli wani.

Takardu suka tafi Legas a farkon watan huɗu. Ƙarshen wata ya zo ba labari. Maman Tochi ta ƙara mako ɗaya, ta ƙara wani, ta ƙara na uku, maigidanta yana ta faɗa don an riga an yi cinikin motar kaya. Daga ƙarshe ta sayar wa wani mutumin Potiskum, tana hawaye, ta roƙe shi ya bar Maijidda a bakin aikinta. Kwana goma sha ɗaya da tafiyarsu dillali ya bugo daga Kano ya ce komai ya daidaita, a sayar ko a bari? Farashin ranar naira biyar da rabi ne. Da ya isa, har da ɗan canji.

Ina Gashuwa ranar, kafin in koma Nguru Maijidda ta tare ni. Ta ce, "Baba Ibram, don girman Allah kada ka gaya masa kwanakin nan. Zan ce masa tun watan biyu maigidan Maman Tochi ya karɓi kuɗin wani, mu ne ba mu sani ba." Na ce wannan ai zalunci ne ga matar da ta jira ki mako uku. Ta ce ta riga ta buga mata waya ta nemi gafara, kuma ta yafe. Haka aka gaya masa, haka ya yarda. Har ya mutu in an ambaci Maman Tochi sai ya girgiza kai ya ce mutane ba amana, ni kuwa in ji kamar in fashe.

Da shago ya tafi sai Sabitu ya ce to babu gaggawa, a bar hannun jarin, zai sake tashi. Aondona ya ce a sayar ko rabi ne. Shi ya sayar da nasa tun watan huɗu ya sayi bulo da kwano a garinsu. Maijidda ta ce abin da Baba ya ce shi za a yi. Kafin shekara ta zagayo farashi ya sauka zuwa kwabo hamsin, kuma ko a hakan babu mai saye. Kwamfutocin gwanjo sun cika kasuwa kamar yadda Aondona ya faɗa, samari kuma sun fara duba saƙo a wayar hannu. Na ƙarafan sabis ɗin ma ya faɗi, kada wani ya ce akanta annabi ne. Bambancin dai shi takardarsa suna ɗaya ne a kanta, ya fita a kan lokaci. Maijidda ta ci gaba da buɗe shagon da rufe shi, tana karɓar albashi a hannun mutumin Potiskum.

Bayan Babbar Sallah ta 2009 ciwo ya kwantar da Sabitu. Na je duba shi da hantsi, na tarar an fito da shi inuwar zaure a kan tabarma, ya rame ƙwarai. Na ce bawana, ka kwanta ka bar ubangidanka da aiki? Bai yi dariya ba. Ya sa aka ba mu wuri, ya kama hannuna.

Ya ce, "Ibram, kai ba ka iya riƙe magana ba, shi ya sa zan tambaye ka. Da na je kotun nan tun ranar farko, da yarinyar nan ta samu shagon?"

Shekarata sittin ba a taɓa tambayata abu na tsaya tunani ba. Na dube shi na ce, "Da ba ta samu ba. An riga an sayar."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya saki hannuna ya ce alhamdu lillahi, ya ce in miƙo masa ruwa. Na miƙa masa, ya sha kaɗan. Ranar Laraba ya rasu.